Motar da Na Ce Ta Ƙi Tashi

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ce ta kai ni. Cewa ta yi asibitin ido za mu, sai da muka hau bene hawa biyu na ga an rubuta a jikin ƙofa wai wurin ba da shawara ne ga waɗanda aka yi wa rashi. 'Yar da na haifa, na koya wa ƙirga yatsunta, ita ce yau take yi mini wayon da ake yi wa yaro in za a kai shi allura.

Kujera biyu ne a ɗakin da ɗan tebur. An turo kwalin tishu ɓangarena tun ban zauna ba, wato an riga an yanke mini hukuncin kuka. Agogon kuma an rataye shi ta bayan kaina, matar da ke wurin tana gani ni ba na gani. Shekara talatin na yi ina koyar da lissafi a firamare, ni za a nuna wa wannan dabarar?

Matar ba za ta girmi Auta da komai ba. Ta ce, "Mama, yaya kike ji yau?" Na ce zafi nake ji, fankarku ba ta aiki. Ta tashi ta ƙaro ta, ta dawo ta zauna ta yi shiru. Ni ma na yi. A minti hamsin ɗin nan ba mu yi maganar minti goma ba. Na sa mata suna Mai Shiru.

Da za mu rabu ta ce in riƙa rubuta duk abin da ya zo mini, ba sai na nuna mata ba. Na ce ko kin ce in nuna ba nunawa zan yi ba. Ga shi dai ina rubutawa, amma ba don ta faɗa ba. Littafin ɗaliban Malam ne, mijina, inda yake rubuta wane ya iya ribas, wance har yanzu tana tsoron shataletale. Rabinsa ba a taɓa ba, ni kuwa ba na son ɓarnar takarda.

Yau wata biyar da kwana tara da rasuwarsa.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe goma na safe

Wata mata ta zo, wai ba ta gari, sai yanzu ta ji. Tana zama ta ce, "Allah ya jiƙan Malam, shi ya koya mini mota." Kowa haka yake cewa. Shekara talatin da huɗu yana zaune a kujerar gefe, ƙafarsa a kan nasa birkin, rabin garin nan a hannunsa suka koyi tuƙi, kuma duk sai sun zo sun faɗa mini kamar ban sani ba. Ba wanda ya taɓa cewa mutumin nan yana barin takalmi a tsakiyar ƙofa, ko yana waƙa a banɗaki da muryar da ba ta da daɗi. Kowa mota, mota.

Na ce mata, "To bai koya miki fakin ba ne? Kin tare mini ƙofa." Ta tafi ba ta sha ruwan da na kawo ba.

Motar tana nan inda take, a tsakar gida. Na lulluɓe ta da tsohon labule. Makullin yana wurina, ba na ba kowa. Ta ƙofar baya nake fita zubar da shara.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Lauya ya zo da takarda. Ɗana ba lauya ba ne, a ofishin awon filaye yake aiki, ubansa ne ya laƙaba masa sunan tun yana ɗan shekara shida saboda gardama. Ya kai ƙarar Kawu Makaniki, mai gyara wa Malam mota, gaban ƙungiyar masu gyaran mota, an sa ranar Asabar, 22 ga wata. So yake su cire shi daga ƙungiyar, su kuma sanar da makarantun tuƙi kar a sake kai masa mota. Biyu sun riga sun janye nasu tun da maganar ta bazu.

Ya ce, "Umma, layi uku ne kawai. Kwana biyu kafin ranar ya yi wa motar sabis. Ranar da Baba ya faɗi kin sa shi a mota, kin murza makulli, ta ƙi tashi. Kin yi minti arba'in a titi kina neman abin hawa. Abin da kika faɗa mana ke nan a asibiti. Ki sa hannu a nan."

Na ce tabarauna ba ya kusa. A wuyana yake rataye. Ya kalli tabaran, ya kalle ni, ya ajiye takardar a kan firji ya danne ta da kofi.

Shekara talatin Kawu Makaniki suna tare da Malam. Shi ya ɗauko mu daga asibiti ranar da na haifi Lauya, a motar wani kwastomansa, yana tafiya kamar ya ɗauko ƙwai. Kwana uku da rasuwar, gida cike da mutane, Lauya ya ce masa kar ya sake ganin ƙafarsa a nan. Mutumin ya ɗauki takalminsa a hannu ya fita. Ina zaune a wurin.

Alhamis, 6 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Na koma, don Auta ta zo ta tsaya mini a ƙofa da jaka a hannu, ni kuma ba ni da ƙarfin faɗa biyu a rana ɗaya.

Mai Shiru ta tambayi barci, na ce yana nan lafiya. Ta tambayi abinci, na ce shi ma yana gaishe ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Na ga kamar ranki a ɓace yake, Mama. Wa kike jin haushi?" Na ce kin shirya? Na jero mata: maƙwabciyar da take kawo mini abinci kamar hannuna ya karye, mai kantin da yake rage murya in ya gan ni, Auta, Lauya da takardarsa, ke, fankarki, da Kawu Makaniki. Ta ce, "Shi me ya yi miki?" Na ce ba abin da ya yi mini. Ta jira. Na ce to ai shi ne.

Ta rubuta wani abu, na ce in gani. Ta juyo mini da littafin ba musu. "Kawu Makaniki" kawai ta rubuta. Da ɗalibata ce, da wannan rubutun sai ta sake shi sau goma.

Juma'a, 7 ga wata, da rana

Takardar tana kan firji. Na goge saman firjin na zagaye ta.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe sha ɗaya na safe

Auta ta kira. "Umma, tunda kin iya, ki bari a gyara motar ki riƙa ɗan fita mana. Zaman nan ne yake cinye ki."

Tunda na iya.

Duk matar da aka kawo wa Malam tana rawar jiki, abu ɗaya Malam yake ce mata: "Kwantar da hankalinki, matata ma ni na koya mata, kwana tara ta iya." Ni kuma ina ajiye ruwa ina murmushi. In an ce to ya ba a ganinta a titi, sai ya ce, "Ta iya, ba ta so ne kawai, ta samu direba kyauta." A kan wannan yaran suka tashi. Su ma haka suke faɗa wa abokansu.

Na ce wa Auta tukunyata tana ƙonewa. Ban ɗora komai ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Yau Mai Shiru ta ce, "A waɗanda kika jero ranar nan babu Malam." Na ce ana jin haushin mamaci ne? Ta ce ana ji, kuma ba ya hana a so shi. Na ce ke wa ya mutu miki da kika san haka? Ta ce wannan lokacin nawa ne, ba nata ba. Kin ji iya magana.

Sai na ba ta labarin filin bayan makarantarmu. Lauya yana goye, Auta ba a ma yi tunaninta ba. Darasi uku muka yi. A na uku na nufi bishiya, ya take birkinsa har goshina ya bugi sitiyari, ya ce, "Ke wai ba kya jin magana ne? 'Yan aji ɗayanki sun fi ki ɗaukar karatu." Mutumin da yake lallaɓa matan mutane da "madalla, a hankali, kin kusa," ni ya ce wa haka. Na buɗe ƙofa na fita, na taka har gida, yana bina a baya da motar yana ba ni haƙuri ta taga, 'yan unguwa suna kallo.

Na ce mata daga ranar bai sake yi mini maganar koyo ba. Ya koya wa duniya, ya bar matarsa. Na ce ki rubuta wannan ma a littafin naki. Ba ta rubuta ba.

Talata, 11 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Ƙarya na yi mata. Ya sake. Duk hutun makaranta sai ya kaɗa mini makulli ya ce, "Malama, aji a buɗe yake." Ni kuma in ce je ka koya wa matan mutane, su ne masu ɗaukar karatu. Shekara talatin muna wannan, har ya zama wasa, yana faɗar tasa ina faɗar tawa. Ta ƙarshe sati uku ne kafin ranar. Na yi ritaya, ba ni da uzurin aiki. Ya ce, "Yanzu fa ba wasa nake ba, tsufa muke yi." Na ce ka ajiye makullinka ka zo ka riƙe mini tsani.

Ya zo ya riƙe.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Ni kaɗai na je yau, a bas. Ba mu yi wata magana ba, na ce mata kaina yana ciwo, ta bar ni na zauna. A dawowa direban ya kauce wa cunkoso ya bi ta gaban garejin Kawu Makaniki. Da can sai ka rasa inda za ka taka don motoci. Yau guda biyu na gani, ɗaya ma ba ta da taya. Yana zaune a kan benci da tsumma a kafaɗa, ya rame, furfura ta cinye masa gemu. Na sunkuyar da kai ina neman abin da ban yar ba.

Washegarin rasuwar ya zo da sassafe, idonsa jajir, ya ji an ce motar ta ƙi tashi. Ya ce, "Malama, ba ni makullin." Na ba shi, na tsaya a gefe. Da ya shiga gwiwarsa ta bugi sitiyari, don kujerar tana matse a gaba yadda na bar ta. Ya tura ta baya. Ya murza. Bai murza sau biyu ba.

Ya bar ta tana aiki, ya dubi giya, ya dubi birkin hannu. Ya sa hannu ya sauke shi a hankali, ya sake ɗaga shi. Sannan ya ɗago ya kalle ni. Ya kashe motar ya miƙo mini makullin ya ce, "Batir ne, Malama. Wani lokaci yana yin haka." Da Lauya ya tsare shi, cewa ya yi laifinsa ne, bai duba batirin ba.

Wa ya sa shi? Na roƙe shi ne? Da ya tona ni a ranar da tuni an wuce wurin. Yanzu kullum na tashi da shi a wuyana. Ba mutumin da na tsana a duniya kamarsa, Allah ya yafe mini.

Juma'a, 14 ga wata, da yamma

An buga ƙofa sau uku yau. Ban buɗe wa kowa ba.

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Lauya ya zo ba tare da matarsa ba, na san da magana. Wandonsa har ya yi masa yawa. Ya ƙi zama, ya ɗauko takardar, kofin ya bar mata zagaye a jiki.

"Umma, kwana shida ya rage. Ba na barci. Duk na rufe ido sai in gan ki a titi ba takalmi kina ɗaga wa motoci hannu, ga mota a gida. Saboda mutum ɗaya bai ɗauki minti biyu ya duba batir ba."

Na ce ka bar wa Allah mana. Ya ce, "Na bar wa Allah ran Baba. Sakaci kuma ba zan bari ba, gobe wani zai kashe." Na ce mutumin nan ya goya ka. Ya ce shi ya sa ma ya fi ciwo. Sai ya ce, "Ke kaɗai kika yi abin da ya kamata ranar, Umma. Ke kaɗai."

Na sa tabarau. Na sa hannu. Irin sa hannun da nake yi a katin sakamakon yara, har da ɗan layin ƙasa. Ya rungume ni, rabon da ya yi haka tun yana sakandare.

Litinin, 17 ga wata, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa Mai Shiru na sa hannu. Ta ce, "Yaya kika ji bayan nan?" Na ce in kika sake tambayata yadda na ji, da kwalin nan zan jefe ki. Ta sa yatsa ta turo shi kusa da ni. Wallahi haka ta yi. Dariyar takaici ta ƙwace mini, daga nan ban san ya aka yi ba na ji bakina yana magana.

Ba zan rubuta duka ba. Wajen ƙarfe goma ne na safe, layinmu kowa ya tafi aiki. Malam yana ɗaure igiyar takalmi ya faɗi. Na ja shi, ban san inda na samo ƙarfin ba, na zaunar da shi a kujerarsa ta gefe, na zagaya na shiga. Motar ta tashi. To, na rubuta. Ta tashi. Na taka kuloci na sa giya yadda na tuna, na saki, ta yi tsalle ta mutu. Na sake, ta mutu. Sau shida ko bakwai. Shi ba ya iya magana, bakinsa ya karkace, idonsa a kaina. Da ƙyar ya ɗago hannu yana miƙo shi tsakanin kujerun. Na kama hannun na riƙe, na ce ina nan, kar ka ji tsoro, ina nan. Yana ƙoƙarin zarewa ina ƙara matsewa. Na ɗauka ni yake nema.

Sai washegari, da Kawu Makaniki ya sauke birkin hannun a gabana, na gane inda hannun yake son zuwa.

Na ɗago na kalli Mai Shiru. Na ce mata, "Faɗa mini. Da na kai shi a minti goma, da ya rayu?" Ta ce, "Ban sani ba, Mama. Ƙila likitan da ya duba shi ma bai sani ba. Ba zan faɗa miki abin da ban sani ba." Na ce to mene ne amfaninki? Ko ki ce na kashe shi, ko ki ce ban kashe shi ba, ki zaɓi ɗaya in tafi gida. Ta ƙi zaɓa.

Ta ce, "Abu biyu kika ɗaure wuri ɗaya. Abin da ya faru a cikin motar ba ki zaɓe shi ba, mijinki kike ƙoƙarin ceta da abin da kika sani. Takardar kuwa har yanzu tana hannunki." Na ce a makaranta aka koya miki wannan? Ta ce e. Ko kunya.

Na yi amfani da tishun. Guda huɗu, na ƙirga, kar ta je ta ƙara.

Talata, 18 ga wata, da safe

Ba zan sake komawa wurin yarinyar nan ba.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe uku na rana

In na faɗa, Lauya ya tafi ke nan. Na san ɗana, bai iya fushi rabi-rabi ba, ni ya gado. In ban faɗa ba, ranar Asabar su rufe wa mutum hanyar cin abincinsa da sa hannuna a ƙasa. Na wanke labulen falo, ba su yi datti ba.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Na je in gaya mata da bakina cewa ba zan sake zuwa ba. Ta ce to, amma tunda na riga na hawo benen in zauna in huta.

Ba ta ce in faɗa wa Lauya ba. Na jira ta ce don in samu abin yi mata faɗa, ta ƙi. Tambayata ta yi me nake tsoron ya faru. Na ce zai kalle ni yadda ya kalli Kawu Makaniki. Ta ce zai iya yiwuwa, kuma zai iya ɗaukar lokaci, ba za ta yi mini alkawarin komai ba. Ta ce in ina so in kawo shi nan, ta zauna da mu. Na ce ɗana ba zai ji wannan a gaban baƙuwa da kwalin tishu ba. Ta ce to a ina? Kuma wa zai kasance da ni bayan ya ji? Na ce ni ba jaririya ba ce. Ta ce ta sani, amma in kira Auta duk da haka.

Da zan fita ta ce, "Ranar Litinin kujerar tana nan, Mama, ko me ya faru." Na ce ku gyara fankar.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe shida da rabi na yamma

Na kira Lauya na ce ya biyo daga aiki. Na yaye labulen, ƙura ta tashi. Na ce shiga kujerar babanka. Na zauna a gaban sitiyari. Na shirya in tada ta a gabansa, ya gani da idonsa, ba sai na yi dogon bayani ba.

Na murza. Ƙyat, ƙyat, shiru. Na sake, haka. Wata biyar tana tsaye, batirin ya mutu da gaske.

Ya bugi gwiwarsa. "Kin gani? Kin gani, Umma? Bari in ɗauka a waya, gobe su gani." Yana ta laluben aljihu. Ko motar ma ta tsaya mini, da na yi shiru shi ke nan an gama.

Na ce, "Ajiye wayar. Ranar ta tashi."

Bai gane ba. Na ce ban iya mota ba, ban taɓa iyawa ba, darasi uku na yi kana goye na gudu. Ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Baba ya ce kwana tara." Na ce babanka ya rufa mini asiri ne, ya rufa wa sana'arsa. Na nuna masa birkin hannun, yana nan a ɗage. Na ce wannan ne ban sauke ba. Maganar hannun babansa ban faɗa masa ba, wannan tawa ce.

Ya maida idonsa kan gilashin gaba. Sannan ya ce, "Kawu ya sani?" Na ce tun washegari.

"Kina zaune na kore shi."

Na ce ina zaune.

"Ranar Lahadi kika sa hannu, na rungume ki."

Ya buɗe ƙofa ya fita, ya rufe ta a hankali. Da ma bugawa ya yi. Na ji tashin motarsa a waje. Na kira Auta, ba don wata ta ce ba, don ban iya tashi daga kujerar ba ne.

Asabar, 22 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Lauya ya yi hon a waje, bai shigo ba. Na sa takalmi.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Bai yi mini magana a hanya ba. Ofishin ƙungiyar a saman wani shagon kayan gyara yake, benci huɗu da tebur, maza biyar a zaune, duk wurin warin baƙin mai. Kawu Makaniki yana gefe, ya sa riga mai tsabta an goge ta, hannayensa a kan gwiwa. Takardata tana gaban shugabansu.

Lauya ya miƙe ya ce ya janye ƙarar. Shugaban ya ce ba a janye irin wannan haka kawai, sunan mutum ya riga ya ɓaci, sai an ji dalili. Lauya ya kalli ƙasa. Ko a nan bai tona ni ba, ya bar mini abina. Na miƙe, na yi muryar aji. Na ce motar lafiyarta ƙalau ranar, ni ce ban iya tuƙi ba, kuma abin da ke cikin takardar nan ƙarya ne, ni na yi ta. Wani ya yi tari. Shugaban ya ninke takardar ya miƙo mini ya ce Allah ya kyauta, za su sanar da makarantun. Ba wanda ya kalli fuskata.

A ƙasan bene Lauya ya durƙusa a gaban Kawu Makaniki har gwiwarsa tana taɓa ƙasa. Kawu ya ɗago shi ya ce, "Tashi, kai ɗana ne, ubanka ka yi wa." Lauya ya wuce mota ya zauna, bai waiwayo ni ba. Har yanzu bai waiwayo ba. Da ya sauke ni ma bai kashe motar ba, kuma ban san ranar da zai sake shigowa gidan nan ba.

Amma kafin nan, mun rage ni da Kawu Makaniki a bakin shagon. Ya ce, "Malama, da kin bari. Na riga na saba." Na ce ni ban ce ka ɗaukar mini ba. Haka na ce, bayan duk wannan, don bakina bai san wata hanya ba. Ya ce, "Ba ke na ɗaukar wa ba. Malam ne ya ce wa gari matarsa ta iya. Ba zan ƙaryata shi ba yana ƙasa."

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya.

"Kwastoma za su dawo ko kar su dawo, wannan ba komai. Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Wata biyar, duk wanda ya shigo garejin tambayata yake me na yi wa motar. Shekara talatin kullum ni da Malam tare muke cin abincin rana. Har yau ba wanda ya yi mini gaisuwarsa."

Na gyara tsayuwa, na ce, "Kawu, ya haƙuri? Allah ya jiƙan abokinka."

Ya laluba kafaɗarsa yana neman tsumma, yau bai zo da shi ba, sai ya rufe fuskarsa da hannun rigar. Na tsaya tare da shi a bakin titi har ya gama.